Yatsa Uku a Bangon Ɗakin Inna

Shekara biyu bayan an ba mu jihar Zamfara wani abu ya faru da ni wanda har in bar duniya ba zai fita raina ba. Lokacin Gusau ta cika da gine-gine, ina aikin birkila da rana, da yamma in tafi ajin yaƙi da jahilci. Da girmana na fara haɗa baƙi, shi ya sa duk abin da ban sani ba sai na tsaya a kansa.

Wata rana aka aike ni ofishin mai zanen ginin da muke yi. Na tarar da shi gaban kwamfuta, ya tsaga bango a ciki kamar an yanka kabewa. Ga bulo, ga shafen siminti ciki da waje, ga fenti siriri, kowanne da launinsa. Ya taɓa wani abu, bulon ya ƙara kauri, sauran suka matsa masa. Sai na manta da aiken.

"Malam, ja kujera mana," in ji shi yana dariya. "Ka tsaya mini a ka kamar mai jiran tsire."

Na tambaye shi ko abin nan ya san ginin ƙasa. Ya ce bai san komai ba sai abin da aka gaya masa, in kawo nawa mu gwada. Na tuna da ɗakin Inna, mahaifiyarmu, a ƙauyenmu bayan Bungudu. Mahaifinmu ya gina shi da tubali, daga baya yayana ya sa aka shafe wajensa da siminti, kamar yadda duk mai hali ke yi don a huta da yaɓe kowace shekara.

Ranar Juma'a na je na auna ta taga da igiya: tubali daban, yaɓe daban, siminti daban, sannan kaurin bangon gaba ɗaya. Da mai zanen ya zuba awon, sai ga wani farin layi ya rage tsakanin ƙasa da siminti.

"Lissafinka bai cika ba," ya ce. "Saura kamar yatsa uku. Me ke nan wurin?"

Ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Ga damina ta kankama, Inna kuma a jikin wannan bangon take kwana.

Na koma gida na ƙwanƙwasa simintin, ya amsa kamar ganga. Yayana ya ce, "Jiya ka fara karatu, yau akwatin boko ke ba ka labarin ɗakin uwarka?" Inna ta ce, "Ɗakin ga ubanku ya gina mini, ba ni barin shi." Ban yi gardama ba. Na roƙi yayana ya bar ni in huda ƙasan bangon da ƙusa, in babu komai in toshe da hannuna. Ina zare ƙusar, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta biyo ta, da gara a ciki. Ashe siminti ya rabu da ƙasa tuntuni, ruwa na bi ta sama yana kwana a tsakani. Da Inna ta ga haka, sai ta ce a kai mata tabarmarta ɗakin matar yayana.

Muka yi shawarar ɓanɓare simintin bayan kaka. Ba mu kai ba. Wani ruwan Agusta, ana sallar la'asar, bangon ya zauna ta ciki, daidai inda gadonta yake.

Tun daga nan, in aka nuna mini abu mai kyan fuska, sai na tambayi abin da ke bayansa, ko da za a yi mini dariya. Mun rasa ɗakin, da gadon ƙarfe, da randa biyu, da tukunyar da Inna ta zo da ita gidan aure. Ba mu rasa kowa ba.