Ruwan da Goggo Ta Hana Baffa

Na sauka daga jirgin Nguru a Gagarawa Tasha bakina har kunne. Jarrabawar ƙarshen shekara muka gama, kuma wallahi na yi mata kaca-kaca. Tambayar da ta wujijjiga 'yan ajinmu ita na fi iyawa: yadda saƙo ke shiga cikin ƙwayar halittar jiki. A ƙarshen shekarun saba'in ɗin nan abin sabo ne fil, malaminmu ma a mujalla ya karanto mana.

Na shiga gida ina taƙama, ba wanda ya ko kalli wandona mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Ashe Baffa, ƙanen babana, ya dawo daga kasuwar Maigatari da amai da gudawa. Yana kwance a tabarma, idanu sun zurma, in ka tsunkuli fatar hannunsa sai ta tsaya a haka. Ruwa kawai yake kira. Goggo kuwa, yayarsu, wadda gidan ke hannunta, ta kife moda, ta rufe randa da faifai, ta zauna a gindinta kamar mai gadi.

Na ce, "Goggo, ruwa fa yake nema."

"Na ji, ni ba kurma ba ce. Abin da ke zuba ta ƙasa, a ƙara masa ta sama? Haka aka koya muku?"

A wajenmu haka ake yi tun kaka da kakanni: mai gudawa ba a ba shi ruwa sai ciki ya tsaya.

Na durƙusa na fara zuba mata karatu. Na ce a cikin hanji akwai wani sinadari, furotin, kamar ɗan aike yake. In saƙo ya zo sai ya miƙe ya ce a saki ruwa, in ya gama shi da kansa yake komawa ya zauna. Dafin wannan cuta shi ke ɗaure shi a tsaye, ya yi ta cewa a saki, a saki, ba tsayawa. Sai bayan shekaru na karanta cewa akwai ma wasu furotin da aikinsu kenan, su tsawata wa irin wannan ɗan aike ya zauna da wuri. Ranar dai labarin ɗan aiken kaɗai na sani. Na ce ko an rufe randa, hanjin ba zai daina ba, daga jininsa zai ɗiba. Amma akwai wata ƙofa da dafin bai taɓa ba, wadda gishiri da sukari ke shiga tare, ruwa ya bi bayansu.

Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ɗan aike a cikin Baffanka? Wa ya aike shi?"

"Misali ne, Goggo!"

"To ka misalta min tashi daga nan. Sukari! Shayi za ka haɗa wa mai gudawa?"

Kai, na ji kamar in ciji hannuna. Babana yana Sule Tankarkar, mota zuwa asibitin Gumel kuma sai gobe. Na tafasa ruwan duk da haka, na sa ɗan tsunkulin gishiri da sukari, na zo da shi a ƙwarya. Ta tare ƙofa.

"Ina raye ba za ka kashe min ƙane da bokonka ba."

Na fice ina huci, ƙwarya a hannu. A zaure na ci karo da Malam, maƙwabcinmu mai koyar da allo, ya shigo dubiya. Ya tambayi abin da ya haɗa ni da Goggo, na zayyane masa, har da ɗan aiken. Bai yi dariya ba.

"In bai sha ba fa?"

"Allah gafarta Malam, ba lallai ya kai gobe ba."

Sai ya koma gida ya ɗauko allo, ya rubuta addu'ar neman sauƙi, ya ce, "Kawo ƙwaryar." Da ruwana ya wanke rubutun, tas. Ya shiga ya ce wa Goggo a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada a yanke, in ya ƙare a zo a karɓi wani.

Zo ka ga Goggo! Ita ce har da tallafo kan Baffa, tana ba shi da ludayi tana "Sha, sha, kada ka bar ko ɗigo." Rubutu ai ba a hana shi. Ni kuma na zama mai hura wuta, ina tafasawa ina kai wa Malam, ƙwarya bayan ƙwarya.

Washegari muka sa shi a motar gero zuwa Gumel, aka yi masa ƙarin ruwa. Da ya dawo yana zaune yana shan kunu da hannunsa, Goggo ta nuna shi da baki ta ce min, "Ka gani ko? Da na biye maka na ba shi ruwa, da yanzu zaman makoki muke."