Malam Bangon Ciki da Ɗakin Ɗinkin Yayata

Shekara talatin mijin yayata ya yi yana koyar da kimiyya, amma abu ɗaya ɗalibai suka riƙe. Kullum sai ya zana ƙwayar irin funfuna a allo, wannan 'yar ƙurar da ido ba ya gani, ya yi mata bango biyu, ya buga alli a na cikin.

"Ku ji tsoron mai bango biyu! Ɗan zafi kaɗan ba ya kashe ta, kwanciya take yi ta jira."

Shi ya sa suka laƙaba masa Malam Bangon Ciki, shi kuwa har ƙafafa yake yi da sunan.

Da ya yi ritaya sai ya ce zai noma naman kaza. Mutumin da ko barkono bai taɓa shukawa ba! Ya sa Yaya ta fitar da keken ɗinkinta baranda, ya karɓe ɗakin.

"Kwana arba'in na ba ka, Malam," in ji ta. "In ba a ga komai ba, a ba ni ɗakina."

Ya cusa garin katako a ledoji, ya jera a durom don a turara, zafi ya kashe funfuna. Mai sayar da irin naman kazan ya ce awa shida. Malam ya yi minti arba'in ya sauke, wai hayaƙi na damun idonsa.

"Malam, anya ya isa?" na tambaye shi.

"Ke ƙanwata, ni za ki koya wa kimiyya?"

Haushi kamar ya kashe ni. Malam ya zuba irin, ya jera ledojin ya kulle ɗakin, har da ajiye tsohon littafin darasinsa a kan kanta, wai don dubawa.

Ran kwana na ashirin wari ya sa aka buɗe. Ledojin nan duk sun yi kore shar, ko naman kaza ɗaya babu. Funfuna ta hau bango, ta hau kanta, ta cinye littafin. Malam ya buɗe shi, shafukan sun manne, zanen mai bango biyun da ke ciki ma da ƙyar ake ganinsa.

Yaya ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Ashe dai gaskiya kake koya wa 'ya'yan mutane, Malam. Kai ne kawai ba ka halarci darasin ba. Kama min keken nan mu shigar."

Ya ajiye littafin, ya kama.