Zumar kurnar Fakuwa

Jiya a kasuwar Kankia wani Alhaji mai fataucin zuma ya ɗanɗani tawa, ya lumshe ido.

"Malam, ai ta kurna ce! Irinta ake kawowa daga Yaman da ɗan karen tsada. Ba ni duka, in zuba a kwalabe masu rubutun Larabci."

Na ce, "Alhaji, ni na hau kurnar nan a Fakuwa na ɗaura amya, ni ƙudan suka harba. Ka rubuta Fakuwa, ko ka aje mani jarkata."

Ya ce ba mai saye da wannan suna. Na ɗaure kayana a babur na taho gida.

Jama'a, ku faɗa mani, sai an yi wa zumarmu fasfo kafin mu ga darajarta?