Dokin da Kaka Ya Zaɓa

Duk sanda na bi hanyar Summerfield a watan Mayu, sai na sauke gilashin mota. Ƙanshin ciyawar da aka yanke ke shigowa, haɗe da warin kashin doki, ni kuwa ba na toshe hanci. Warin nan kakana yake tuna mini.

Mahaifin babana ne. Ina 'yar shekara bakwai aka kawo shi wurinmu a Greensboro, a Amurka, don a yi masa aikin ido, da niyyar ya yi 'yan watanni ya koma. Dillalin dawaki ne a garinmu kafin tsufa ya zaunar da shi, sai ga shi a saman bene, ba maƙwabcin da zai gaisar, ba dabbar da zai ba ruwa. Kullum jakarsa a ɗaure take a bayan ƙofa. Ran Lahadi Baba kan kai shi Summerfield, ya jingina da shingen wata gona, ya yi ta kallon dawakin mutane har la'asar ta yi sanyi.

Amarya yake kirana, irin tsokanar kaka da jika. Ya yi mini Hausa, in mayar masa da Turanci, kuma a haka muke fahimtar juna. Shi ke jirana inda motar makaranta ke ajiye mu, da babbar riga da hular sanyi, yara na ta kallonsa. Ban taɓa jin kunyarsa ba. Ina son tsohon nan fiye da yadda bakina ya iya faɗa a lokacin.

Da Mayu ta zo, ido ya warke, aka fara maganar tikitin komawa. Ranar wata Asabar ana nuna babbar gasar sukuwar nan ta shekara a talabijin, wadda mutane ke zuba dukiya a kanta. Ina gefe na cika na yi fam, sai ya ce, "Amarya, zaɓi doki, ni ma in zaɓa. In naki ya riga nawa, na ƙara shekara. In nawa ya riga, ki sallame ni in tafi gida."

Baba ya ce, "Alhaji, wannan ai caca ce."

"Caca da kuɗi ake yi. Magana ce tsakanin miji da mata, cire bakinka."

Na zaɓi wanda mahayinsa ke sanye da riga ruwan hoda, don launin kawai. Kaka ya matsa dab da talabijin lokacin da ake zagayawa da dawakin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna wani. Nasa ya zo can baya. Nawa ma bai ci ba, amma ya riga nasa. Na yi ta tsalle a kan kujera, shi kuwa yana ta salati wai an cuce shi.

Haka muka dinga yi kowace shekara. In yi zaɓe da ka, in kayar da shi. Har waƙa na yi masa, ta dillalin da bai san doki ba. Yakan ce laifin dawakin Amurka ne, ba su da tarbiyya.

Shekarar da na shiga sha uku, sanyin Janairu ya kwantar da shi, ya tashi a rame. Ranar gasar ya sa aka matso masa da kujera. Bai tsokane ni ba. Ya dubi dawakin, ya nuna wani baƙi wanda masu sharhi ba su ko ambata ba. Dokin nan ya taso daga baya ya wuce kowa, ba nawa kaɗai ba.

Na fashe da kuka. Ya kamo hannuna ya ce, "Yi haƙuri, amarya. So nake a kwantar da ni kusa da uwargidanki." Kakata yake nufi, wadda ta rasu tun kafin a haife ni. Ya koma gida, kuma damina ba ta ƙare ba aka bugo wa Baba waya cewa ya rasu.

Yanzu abokan aikina a waya suke cacar gasar, suna latsa sunan doki, ba su ko kalli ƙafarsa ba. Ni ba na shiga, sai dai in zauna in kalli zagayen nan na farko. Sai da na girma na gane abin da Baba ya sani tun ranar farko ya yi shiru: wanda ya iya nuna dokin da zai zo na ɗaya, ya iya nuna wanda zai zo na ƙarshe. Duk shekarun nan tsohon yana kewar gida, yana duba dawakin da kyau, yana zaɓar wanda zai faɗi, saboda ni.