Gwangwanin da Ba a Buɗewa

A wani ofishi a Doka, wani dogon mutum yana tsaye tun safe, hularsa ta jiƙe da gumi, ya rungume faffaɗan gwangwani a ƙirji. Sanda ake kiransa. Makullin mota na rataye a yatsarsa, da alama direba ne da aiki ya yi wa yawa. Shi ke nema wa wasu Turawa masu ɗaukar fim izini da masauki. Yau kuma takardar fitar da fim ɗin da ke cikin gwangwanin zuwa Ingila wurin wankin hoto yake nema, jirgi kuwa da yamma zai tashi.

Akawu ya ce sai ya ga abin da ke ciki kafin ya buga hatimi.

"Ranka ya daɗe, haske na taɓa shi, aikin damina guda ya ƙone. Sai dai a buɗe cikin duhu."

"Cikin duhu me zan gani, Malam?"

"Ba komai."

"To, ka ji."

Akawu ya miƙo hannu. Sanda ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ɗora gwangwanin a benci, ya tattara rigarsa, ya zauna daram a kai. Mai son buɗewa, sai ya fara ɗaga shi.