Sun Rufe Fuskata, Sun Bar Muryata

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ke ratsa gonaki rani da damina. Karatuna bai yi nisa ba, iyakata firamare da Islamiyyar matan aure, amma Allah ya ba ni kunne, ya kuma ba ni baki. Maigidana har tsokanata yake yi, wai da ana haya da ni da tuni gidajen rediyon Kano sun rufe. Ba na fita ko'ina sai suna ko gaisuwar mutuwa. Sana'ata dafa wa 'yan ƙwadago abinci, garau-garau da ɗanwake, lokacin dashen shinkafa da tsinkar tumatir. Maza su tsaya a soro, ni ina daga ciki, mu yi ciniki ta bayan katanga, in yi wa wanda ya dawo min da kula babu murfi faɗa, su yi ta dariya. Babu namijin garin nan da ya san fuskata in ba muharramina ba, amma babu wanda bai san muryata ba. Ku riƙe wannan, don a nan aka cuce ni.

Maigidana shi ne shugaban 'yan dashe a unguwarmu, shi masu gona ke nema ya haɗa musu mutane. Wanda bai taɓa wuni a sunkuye cikin taɓo ba, ba zai gane abin da ke sa namiji ya sha ƙwaya ba. Wasu masu gonar da kansu suke narka ta a cikin shayin da suke kai wa ma'aikata, don kada kowa ya ji bayansa sai an gama fili. Daga shayin mai gona maigidana ya koma saye da kansa a kemis, daga nan kuma jijjiga ta fara kama shi, ya faɗi yana taune harshe. Abokan aikinsa sun sani, kuma sun rufa masa asiri. Ba sa taɓa barinsa shi kaɗai a cikin ruwa, kullum da mutum a gefensa. In ta taso masa sai su ɗaga kansa daga taɓo, su kwantar da shi a kan kunyar gona, in mai gona ya tambaya su ce rana ce ta buge shi. Ni kuwa ba ni da wani buri a duniya da ya wuce a kwantar da shi a asibitin da ake raba mutane da ƙwaya, tun kafin ruwan nan ya ci min shi.

Ana haka wata Hajiya ta zo gidan suna a maƙwabtanmu, mai fara'a, mai ƙamshi, ta zauna a tabarma tare da mu kamar 'yar gida. Ta ce ita ma'aikaciyar ɗan majalisarmu na Abuja ce, kuma yana cikin kwamitin da zai titsiye minista a kan yadda ƙwaya ta cika ƙauyuka. Ta ce ministan yana ta cewa abin ya ragu, don haka Onarabul yana son ya jiyar da shi kukan mata na gaskiya. Sai ni mai baki na ce ai a gidana ma abin yake. Ta ja ni ɗaki, ta riƙe hannuna, tana ce min 'yar'uwa. Ta rantse ba za a faɗi sunana ba, ba za a faɗi garinmu ba, za a rufe fuskata, kuma Onarabul da kansa zai sama wa maigidana gado a asibiti a Kano. Da na ji kalmar gado, hankalina bai sake tsayawa a kan komai ba. Ban nemi izinin maigidana ba, ban shawarci surukata ba. Ta kafa waya a gabana, ni kuma na saki baki. Na faɗi shayin masu gona, na faɗi kemis ɗin bakin gada, na faɗi jijjiga. Duk inda na tsaya sai ta ce in ƙara, abin yana ratsa jiki.

Ranar da aka sa zaman a rediyo ina tsakar gida ina regen shinkafa bayan la'asar. Na ji Onarabul yana ta daka wa minista tsawa, mai gabatar da shirin yana mayar mana da Hausa. Ni da nake gane wanda zai yi min gardama tun daga sallamarsa, na ji wani abu a muryar nan da bai kwanta min ba. Faɗa ne mai ƙara amma babu zafi a cikinsa, irin na dillalin tumatir da ya riga ya shirya da mai saye. Sai Onarabul ya ce a saurari wata baiwar Allah daga mazaɓarsa, wadda ƙwaya ta kashe mata miji ta bar ta da marayu. Kafin in gama mamakin wace ce wannan, sai na ji ni ce. Mijina yana gona da ransa, amma an kashe shi a Abuja don maganar ta yi nauyi. Minista ya yi min ta'aziyya da murya mai sanyi, ya ce za a kafa wani kwamiti, kuma ba za a raga wa kowa ba. Aka buga tebur, wani ya yi wata magana aka yi dariya, shugaban zaman ya ce lokaci ya ƙure, a koma kan batun taki da hanyoyi. Shi ke nan, an gama da ni.

A teburin mai shayi kuwa, an ce tun ban rufe baki daga sallamar farko ba aka ce wannan ai mai garau-garau ce. Hoton ya zaga wayoyi, an dame fuskata kamar an shafa mata toka, fuskar da dama ba su taɓa gani ba, an bar muryar da suke ji kullum ta bayan katanga. Mutanen birni sun ɗauka mutum da fuska ake gane shi. Ko sau ɗaya Hajiyar nan ba ta tambaye ni yadda muke zaune ba.

Ba a jima ba jami'ai suka dira garin, tunda minista yana son a ga ya yi aiki. Suka rufe kemis, suka tare 'yan ƙwadago a hanyar gona suna lalube musu aljihu, suka kwashe su har da maigidana. Mai gona ko ɗaya ba a taɓa ba. Matan waɗanda aka kama suka daina shigo min gida. Wata da muka yi goyo tare ta ɗaga murya ta bayan katanga, ta ce tunda na iya magana da Abuja, sai in ce musu su aiko wa 'ya'yanta tuwon dare. Tukunyata ta mutu, babu mai sayen abincina. Da aka sako maigidana ya dawo a rame, na zaci duka ko saki, amma bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce ya ji labarin rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, yaushe ne sadakar bakwai ya zo ya ci waina. Na fashe da kuka. Ya ce ba kuka ya ce in yi ba, shi dai da na tambaye shi, da ya gaya min su waye mutanen nan.

Abokan aikinsa suka ce ba za su ƙara shiga gona da shi ba, wai duk abin da aka yi a gabansa rediyo zai ji. Masu gona suka sami wani shugaban. Aikin da ya rage masa shi ne ban ruwa a filin wani baƙo can wajen Kadawa, shi kaɗai, babu kowa a gefensa. Na yi ta kiran Hajiya ina tuna mata gado. Yau ta ce Onarabul yana zama, gobe ta ce ya yi tafiya. Ranar da na matsa mata, sai ta sauke murya ta ce in fahimce su, Onarabul ya riga ya faɗa a gaban majalisa cewa mutumin ya rasu, in aka gan shi kwance a asibiti da sunan ofishinsu, abokan hamayya za su ce ya yi ƙarya. Ta ce in yi haƙuri zuwa bayan zaɓe. Na ce mata Hajiya, wato sai ya mutu maganarku za ta daidaita ke nan. Ta kashe waya.

Maganarsu kuwa ta daidaita. Da hantsi wani mai kiwo ya tsinci maigidana kife a cikin fili, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Da akwai mutum ɗaya kusa da shi, ɗaga kansa kawai zai yi, kamar yadda aka saba. Ina cikin takaba sai ga Hajiya da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, wai Onarabul yana gaisuwa, kuma in na yarda a ɗan sake ɗaukata, yanzu ma ba sai an rufe fuska ba. Surukata, tsohuwar da ba ta yi min magana ba tun ranar rediyo, ita ta miƙe ta ce a fitar mata da buhun nan daga gida, shinkafa a nan ake noma ta, kuma ɗanta a cikinta ya mutu. Bayan wasu watanni na ji Onarabul da ministan a wani taro, kowa yana kiran ɗan'uwansa gwarzo.

Ban ce kada a tambayi ministoci ba. A tambaye su, a tsare su, don ƙwayar nan ba daga kanal take tsirowa ba, wani ne ya bari ta shigo. Amma ban yafe wa wanda ya ɗauki ciwon gidana ya yi ado da shi na rabin sa'a ba, kuma akwai zaman da za a yi da shi inda ba a cewa lokaci ya ƙure. Ni ma na san nawa, na yi magana a kan mutum ba tare da saninsa ba, ina ganin taimakonsa nake yi. 'Yan'uwana mata, musamman mu na cikin gida, in aka zo muku da waya da alkawari, ku ce a fara cika alkawarin tukuna. Ku shawarci wanda maganar ta shafa. Ku tambaya wa za a kama bayan kun gama magana, don ba mai gona ba ne. Su in sun tashi daga zama mota suke shiga, ke kuwa a garin za ki kwana. Har yanzu ina dafa abinci, mutane sun fara dawowa soro, amma babbar 'yata ce ke amsa musu sallama. Ni tun daga ranar ban ƙara yin magana ta bayan katanga ba.