Zufar Randa

Shekarar da fari ya kai mu maƙura ina gidan aure a Isa, kuma ni ke ɗebo ruwan gidan. Rijiyar unguwa ta ƙafe, sai mu tafi gulbi mu tona yashi, mu zauna jiran ruwa ya tsattsafo muna kwasa da ƙoƙo. Kafin in iso gida da tulu wuyana ya sage.

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, tana da wata randa da aka kawo mata daga Sabon Birni, an binne gindinta cikin yashi a inuwar rumfa. Randar zufa take yi, kuma zufar nan ita ce sanyinta: abin da ya fito ta jikinta iska ta sha, na ciki ya yi sanyi har haƙori ya amsa. Amma ni da na ɗauko ruwan a kaina, in cika ta da safe, da la'asar in tarar ta shanye rabonta, haushi nake ji ba kaɗan ba. Inna kuwa ciwo ya kwantar da ita, ba abin da ke wuce maƙogwaronta sai ruwan randar nan da 'yar fura. Ciwon bai hana ta mita ba.

Na yi ta ƙorafi har maigidana ya ji tausayina. Wata rana na dawo daga gulbi na tarar ya samo ragowar siminti ya shafe bayan randar tas, yana ta murmushi.

"To ga shi nan," in ji shi, "ba ta ƙara sha maki ruwa."

Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Ruwa ya daina raguwa kam, amma ya koma ɗumi kamar na wanka. Na gwada kankarewa da wuƙa, siminti ya riga ya kama, in na matsa randar ce za ta fashe. Masu ginin tukwane kuma yunwa ta kore su cin rani, babu inda za a sami sabuwa.

Na kai wa Inna ruwan a moɗa, ina jiran faɗa. Ta kurɓa, ta daɗe da shi a baki. Sannan ta dubi tsakar kaina, inda gammo ya cinye gashi.

"Inna, za ni naɗe tulu da jiƙaƙƙen buhu in rataya maki," na ce.

"Ki jiƙa buhu da wane ruwa? Bari, ɗiyata. Ruwan ga da sanyi. Wa yac ce maki babu sanyi?"

Wallahi da zagina ta yi da na fi jin daɗi. Buhun na jiƙa shi, da ruwan wankana, amma tulu ba randa ba ne. Haka ta riƙa kurɓa kaɗan tana ajiyewa har ƙarshen kwanciyarta, kullum tana ce mini da sanyi, ni kuma ina ɗauke moɗar da rabin ruwan a ciki.